Sammacin da Na Manna a Ƙofar Sito

Ranar Alhamis, wajen biyar da rabi na yamma, Oga ya jefo min fayil a kan tebur.

"Yau wa'adin ke cika," ya ce. "In ba a kai sammacin nan ba, alƙali zai kori ƙarar. In ya kore ta, ki tattara komatsanki."

Shekara tara ina aiki a ofishin lauyoyin nan, muna tsaya wa kamfanoni a kotu, kuma ba ni da wani abin dogaro sai shi. Ƙarar mai sauƙi ce a takarda. Wani kamfanin taya ya sayi tsohon sito a bayan layin dogo, amma duk leburorin da aka tura gyara sai su gudo, su ce akwai mutane a ciki. To, doka ba ta tashin mutum sai an sanar da shi. Tunda ba mu san sunan kowa ba, muka rubuta abin da kowane lauya ke rubutawa: "Zuwa ga duk wanda ke zaune a ciki." Sabon tsarin kotu ya yarda a manna a ƙofa, a ɗauki hoto da waya. Ma'aikacin kotun da ke kai mana sammaci ya je sau ɗaya, ya dawo bai manna ba, daga nan ya ce wai ƙafa ke damunsa. Ƙafa! Mutumin da na gani da idona yana bin bas da gudu.

Na ja motata da kaina, ina masifa har na isa.

Wani dattijon maigadi na zaune can bakin titi, ya ba ginin baya.

"Baba, nan ne siton?"

"Nan ne, 'yata. Bar takardar a wurina."

"Doka ta ce a ƙofa."

"To, in an yi miki magana, kada ki amsa."

Na yi tsaki a raina, na wuce.

Ciyawa ta kai min gwiwa. Rana ta yi ja, tana shirin faɗuwa. Tun daga rabin hanya ƙarar motoci ta ɗauke, kamar an toshe min kunne. Warin tsohuwar roba da jiƙaƙƙiyar toka ya cika min hanci. Na shafa gam, na danna takardar da tafin hannu. Ƙofar ƙarfe ce, amma da ɗumi, irin na jikin mai zazzaɓi.

Na ɗaga waya. Hoto ɗaya. Na biyu.

Sai aka ja numfashi a bayan ƙarfen.

"Lauya."

Raɗa ce, amma ba ta mutum ɗaya ba. Tsofaffi da yara, duk a tare.

"Namu ne?"

Ga inda na tafka wautar. Kowane lauya ya san hoto hujja ne, amma sa hannun wanda ake ƙara ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wallahi kafin tsoro ya iso bakina, sabo ya riga shi.

"Naku ne. Ku sa hannu a kwafina."

Na tura kwafin da biro ta ƙarƙashin ƙofa. Aka ja takardar a hankali. Biron ya gangaro waje a lanƙwashe.

Ina jin ƙarar takardar tana wucewa daga hannu zuwa hannu. Tana nisa. Tana ƙara nisa, har ta wuce tsawon ginin.

"Kwana nawa gare mu?"

"Sha huɗu."

"In ba mu zo ba?"

"Kotu za ta ce ku tashi."



Sai wata murya ta fara karatu, kalma bayan kalma. Ƙasan takardar take karantawa, inda doka ta tilasta wa lauyan mai ƙara ya sa sunansa da adireshin ofishinsa. Sunana. Hawa na uku. Ɗaki na biyu.

Kwafin ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa. Ya kamata in ruga. Amma aikina ne kwance a ƙasa, sai na sunkuya.

Aka cafke min wuyan hannu.

Ratar ƙarƙashin ƙofar ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. Yatsun dogaye, busassu, masu zafi.

Aka ja.

Kumatuna ya bugi ƙarfe. Addu'ar da na haddace tun ina yarinya ta wargaje a bakina.

Aka sake ja.

"Innalillahi!" Na tokare ƙofar da ƙafa, na fizga da duk ƙarfina. Igiyar agogona ta tsinke, na faɗa cikin ciyawa da takardar a hannu.

Ban san yadda na kai mota ba. Takalmi ɗaya ne a ƙafata. Da na kunna fitila na duba kwafin, dangwalen yatsu ne da baƙar toka, gaba da baya. Na ƙirga arba'in na daina.

Washegari na shigar da shi kotu, ban gaya wa kowa komai ba. Kwana sha huɗu suka cika, babu wanda ya bayyana, alƙali ya ba da umarnin tashi. Leburori suka shiga suka tarar da siton fayau, har an share. Kamfanin ya miƙo mana duk shari'unsa, Oga ya ce ƙarin girma na nan tafe. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Ranar Litinin da safe, sakatariyarmu ta tare ni a bakin bene.

"Anti, baƙinki sun yi sammako. Amma ta ina suka shiga? Makullin na wurinki."

Na tsaya a ƙofar ɗakina. A ciki kujeru na ƙara, ana jan durowa ɗaya bayan ɗaya.

"Lauya," aka raɗa. "Mun bi umarnin kotu."

A tsaye, a teburin sakatariya, na rubuta takardar barin aiki. Rigar lauyata da takardun shaidata suna cikin ɗakin har yau, kuma ban aiki kowa ya ɗauko min ba.