Ganga Mai Haƙora Goma Sha Huɗu

Ranar Laraba da hantsi Injiniya ta ga injinta a bakin wata masana'antar walda da ba ta taɓa takawa ba. An shafe shi da koren fenti, an liƙa masa wani suna, an jera shi da 'yan'uwansa biyar a gefen titi. Shekara uku ta yi tana zana wannan injin casar masara, saura wata guda ta kai takardunsa ofishin rajista. Ta ɗauki hoto, ta wuce kai tsaye wurin Edita a ofishin ƙungiyarsu.

Edita ba ɗan sanda ba ne. Tsohon injiniyan kamfanin ruwa ne, shi ke haɗa 'yar mujallar ƙungiyar masu zana injuna da kwamfuta. Shafi huɗu ce duk wata: dabarun manhajar zane a gaba, labaran 'yan ƙungiya a baya, wane ya samu ƙaruwa, wane ya samu aiki, wane kwamfutarsa ta ƙone. Mutum ɗari biyu ake aika wa. A ganinsa goma sha biyu ke karantawa, su ma rabinsu kuskure suke nema.

"Yaya Edita, an kashe ni," in ji ta, ta miƙa masa waya.

"Zauna tukuna. Gawa ba ta hawo bene da wannan saurin."

"Ba wasa nake ba. In mutumin nan ya riga ni yin rajista, ni za a kira ɓarauniya."

Ya gyara tabarau, ya buɗa hoton. An cire murfin ɗaya daga cikin injunan don masu saye su ga ganga, wato dunƙulen ƙarfen da ke juyawa yana kankare masara. Ya ƙirga da bakin biro, ya sake ƙirgawa.

"Layin haƙora nawa kika sa wa gangarki?"

"Sha biyu."

"Wannan sha huɗu ne."

Ta waiwaya ta dubi tsohuwar kwamfutar ƙungiya da ke kusurwar ɗakin.

Su duka sun tuna. A taron watan jiya ta soka filashinta a wannan kwamfutar ta nuna wa jama'a aikinta. Don ta gwada musu yadda manhaja ke sauya adadi nan take, ta mai da haƙoran daga sha biyu zuwa sha huɗu, aka tafa. A nan ne Baba Rula, dattijon ƙungiya wanda ya shekara talatin yana zane da fensir kafin a kawo kwamfuta, ya ɗaga hannu, ya nuna sandar ƙarfen da ke juya gangar, ya ce, "'Yata, kafaɗar shaf ɗin nan ta yi kaifi." Dakta, malamin kwaleji, ya ce manhaja ta gwada ta ce lafiya lau. Wani daga baya ya ce, "Baba, an daina yayin fensir." Aka yi dariya, aka wuce shan lemo.

"Amma ban adana ba," in ji Injiniya. "Na rufe, na zare filashina."

Edita ya jawo mujallar wancan watan ya ajiye mata. A shafin farko, da manyan baƙaƙe, ga dabarar da ya rubuta da hannunsa yana alfahari: idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, kada ka yi kuka, manhaja na ɓoye kwafin zanenka duk bayan minti goma, ga inda za ka same shi.

Ya kunna kwamfutar, ya bi matakansa ɗaya bayan ɗaya. Ga gangar nan, haƙora sha huɗu. An buɗe fayil ɗin kwana huɗu bayan taro.

"Ashe dai ana karanta ni," ya ce.

Mutum uku ke shiga ɗakin ban da shi. Sakatare na da makulli. Dakta na da na biyu saboda darasin Asabar. Baba Rula kuma yana ara, don ba shi da kwamfuta a gida.

Ya samu Sakatare a shagonsa na buga takardu, yana faɗa da firinta.

"Ni kake zargi, Edita? Ni da nake sayen tsintsiyar ƙungiya?"

"Tambaya nake. Ka taɓa ganin zanen Injiniya bayan taro?"

"Yana cikin durowar nan. Ita ta kawo min filashi in buga mata takardun rajista."

"Buɗe mu gani."

Haƙora sha biyu. Edita ya yi masa godiya ya tashi. Wanda aka ba ainihin zane a hannu ba zai je tonon na gwaji a tsohuwar kwamfuta ba.

Dakta ya ajiye shi minti ashirin a ƙofar ofis, kamar yadda yake wa kowa don kada a raina ilimi.

"Dakta, in aka ɗauke wuta kana zane, ya kake dawo da aikinka?"

"Ina da sola. Wannan matsalar wasu ce."

"Na yi rubutu a kai watan jiya."

"A wane shafi?"

"Na farko."

"Ni daga na uku nake farawa. Nan maƙalata take."

"A nan kuma kake gamawa?"

"Me ya rage bayanta?"

Edita ya yarda da shi. Ban da haka, Dakta ko ƙusa ya zana sai ya rubuta sunansa da digirinsa uku a ƙasa. Mutum irin wannan ba ya iya sata a ɓoye.

Saura mutum ɗaya, kuma Edita bai so lissafin ya tsaya a nan ba. Ya ce wa kansa makulli ana iya yanka shi. Ya sa tsohuwar riga ya tafi masana'antar a matsayin manomi mai neman inji.

Mai wurin ƙato ne mai fara'ar 'yan kasuwa. "Yarana suka zana shi, ranka ya daɗe. Daga kanmu ya fito."

"Madalla. Shaf ɗin nake tsoro. Na taɓa sayen wani ya karye min a tsakiyar kaka."

"Namu? Zo ka gani."

Ya ja shi ciki. A jikin bango, saman injin sassaƙa ƙarfe, an liƙa takardar zanen shaf, sandar ƙarfen da ke juya ganga. An yanke gurbin suna daga ƙasan takardar, yanka miƙaƙƙe, irin na reza da aka bi da rula. Edita ya duba kafaɗar, wato inda sandar ke sirancewa don shiga boris, zoben da take juyawa a ciki. A zanen Injiniya wurin kusurwa ce mai kaifi. A nan an lanƙwasa ta, milimita uku.

Ya daɗe a tsaye.

"Nawa za ka ɗauka?" in ji mai wurin.

"Na riga na ɗauki abin da na zo nema."

Da la'asar ya isa gidan Baba Rula. Ɗaki ɗaya ne a bayan gidan ɗansa. Allon zane na katako ya cinye rabinsa, an lulluɓe shi da zani don ƙura. Baban ne ya koya wa Edita riƙon fensir shekara talatin da suka wuce, yana buga masa rula a yatsu in layi ya karkace.

"Ɗan jarida," in ji Baba. "Yau an tuna da mu."

"Baba, barka da yamma."

"Zauna. Ba gaisuwa ta kawo ka ba, ka tsaya kamar mai karɓar haraji."

Edita ya zauna a bakin gado. "Gangar da aka sata haƙoranta sha huɗu. Wannan zanen minti goma ya yi a duniya, a kwamfutar ƙungiya kaɗai. Sakatare yana da na gaskiya, ba ya bukatar wannan. Dakta bai san akwai shi ba. Ɓarawo kuma kwafa yake ya gudu, Baba. Ban taɓa jin wanda ya tsaya ya gyara wa mai kaya kuskure ba. Mutum ɗaya na sani da ba zai iya barin kafaɗar shaf da kaifi ba, ko da hannunsa na cikin aljihun wani."

Baba bai musa ba. Ya sunkuya da ƙyar ya jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, naɗe da tsohuwar jarida. Shaf ne, ya rabu biyu daidai kafaɗa.

"Nata ke nan, yadda ta zana. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana aiki. Nawa har yau yana juyawa."

"Me ya kai ka?"

"Dariya." Ya shafa bakin karayar da babban yatsa. "Na ce bari a sassaƙa biyu, nata da nawa, a gwada, in kawo taro in ajiye a kan tebur ban ce komai ba. Mai masana'antar ya ce ba a gwada shaf shi kaɗai, sai da injin gaba ɗaya. Na koma na bugo masa sauran takardun. Na yanke sunanta don kada a ce aikin 'yata ne ya karye." Ya yi 'yar dariya. "Ka ga wayo. Da na koma ɗaukar wannan, na tarar yana fentin na shida."

"Ka yi shiru."

"In zo in ce mata me? Na yi gaskiya, kuma na sayar da ke?"

"Da ka faɗa min tun farko ai da..."

"Sau tara na faɗa maka." Bai ɗaga murya ba. "Sau tara na rubuto maka dabarar nan a takarda. Ƙarfe daga kusurwa yake fara tsagewa, ko kwamfuta ta ce me. Ka ce shafi ya cika. Wani watan ma hoton kek ɗin bikin ƙungiya ka sa."

Edita ya dubi ƙasa. Takardun tara suna durowarsa ta biyu, ƙarƙashin tsofaffin batura. Ya kuma tuna, ranar taro, cewa shi ma ya yi dariya. Ba da ƙarfi ba. Amma yana zaune kusa da Baba.

"Dole in faɗa mata."

"Ni zan faɗa mata. Kai dai ka riƙe min wannan a hanya, ya yi min nauyi."

Washegari Baba ya rubuta bayanin komai a gaban lauyan Injiniya, da irin rubutunsa mai kama da bugun inji, ya sa hannu. Da wannan takardar da fayil ɗin kwamfutar ƙungiya aka tare mai masana'anta kafin ya kai ofishin rajista. Injuna huɗu sun riga sun tafi gonaki, ba a san inda suke ba. Injiniya ta saurari Baba har ƙarshe, ta karɓi karyayyen shaf ɗin, ta tashi. A bakin ƙofa ta tambayi Edita, ba tare da ta dube shi ba, "Milimita nawa ya sa?"

"Uku."

Kwamiti ya zauna ranar Asabar. Dakta ya yi jawabin minti arba'in a kan amana. Aka cire sunan Baba daga ƙungiya, aka hana shi aron makulli.

Mujallar watan ta fito a kan lokaci. A shafi na huɗu, tsakanin sanarwar haihuwa da ta wani da ke neman tsohuwar firinta, layi biyu ne a kan hukuncin kwamiti. A shafin farko Edita ya buga dabarar kafaɗar shaf, kalma da kalma yadda Baba ya rubuta ta tun farko, da sunansa a ƙasa. Mutum talatin da ɗaya suka rubuto suna godiya, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ya buga kwafi ɗaya a takarda ya kai gidan da kansa. Surukar Baba ta ce ya koma wurin 'yarsa ta cikinsa, can nesa, tun ranar Litinin. Allon zanen kuma ya ce a ba ɗan jarida, in ya zo.