Keken Ɗinkin MaZondo

An sace keken ɗinkin MaZondo ranar Asabar da safe, tsakanin ƙarfe takwas da tara, a gidan da ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikatau.

Gidan Misis Dalton ne, a unguwar Hillside, cikin Bulawayo. Tsohuwar ta haura tamanin, mijinta ya rasu, 'yarta da ke Ostireliya ta ce ta tattara ta koma can. Jirginta ranar Litinin. Shi ya sa ta buɗe gareji ta yi gwanjon kayan gida, kamar yadda duk mai barin ƙasa yake yi. Komai an liƙa masa farashi, tun daga kujera har cokali. Abu ɗaya ne ba na sayarwa ba, keken ɗinki ƙirar Bernina, wanda ta riga ta ba MaZondo kyauta. MaZondo ba ta da fansho. Da wannan keken ta yi niyyar ɗinka kayan makaranta ta ci da kanta da jikoki uku.

Sufeto Gumede ya iso wajen sha ɗaya. 'Yan gwanjo sun riga sun share garejin, saura tsofaffin littattafai da kwalabe. Ya tarar da MaZondo a ɗakin wanki da ke bayan gareji, zaune a kan bokiti kife. Jan akwatin keken yana buɗe a gabanta, babu komai a ciki sai littafinsa. Ba kuka take yi ba, kallon akwatin kawai take.

"Mama, yaushe ne ganinki da shi na ƙarshe?"

"Takwas saura, Baba, kafin a buɗe get. Na goge shi na rufe."

"Ɗakin a kulle yake?"

"A'a. Akwai kayan sayarwa a ciki. Teburin guga, da kwandon wanki, da wani ƙaramin firji da ya daɗe da mutuwa."

Sufeto ya zagaya ɗakin. Bayan ƙyaure ya ga wasu ragogin ƙarfe guda biyu a jingine, irin waɗanda ake jera abinci a kai cikin firji. Ya ɗauka ya jujjuya su, ya saƙale a hamata.

Misis Dalton ta ce ita ce zaune a bakin get da gwangwanin kuɗi, duk mai fita sai ya nuna mata abin da ya ɗauka, kuma babu wanda ya wuce da keke. Katangar gidan da waya a samanta, ba a jefa komai ta can. Ita dai zarginta a kan wata mai ƙaton jiki da ake kira NaThando, wadda ta roƙe ta sau uku ta sayar mata da keken. Abin da ya fi damunta, in ta tafi Litinin babu wanda zai tsaya ya ce keken na MaZondo ne, don da baki ta ba ta. Sufeto ya sa ta zauna nan take ta rubuta a takarda, ta kwafi lambar keken daga littafin, ta sa hannu.

Ya tambayi MaZondo wa take zargi. Ta ce ba za ta kama sunan kowa ba. Duk 'yan gwanjon ta san su. Shekaru ke nan, in ta ji daga bakin 'yan'uwanta masu aikatau cewa wani gida zai yi gwanjo, ita ke aika musu da labari tun kafin a kafa sanarwa. Yau ma da ta ga sun yi layi a bakin get tun asuba cikin sanyi, ita ta dafa musu shayi ta miƙa ta tsakanin ƙarafa.

Rumfar NaThando tana unguwar Makokoba, cike da tukwane da farantai har rufi. Da ta ga Sufeto ba ta ko tashi ba. Ta ce ita ko ƙofar ɗakin wankin ba ta leƙa ba, a gareji ta yi cinikinta ta tafi.

"Wannan teburin gugar fa, 'yar'uwa? Ga takardar farashin Madam nan a jikinsa."

Ta dubi teburin, ta dubi Sufeto, ta ja tsaki. Ta ce to, ta shiga. Ta ma buɗe akwatin ta shafa keken, don mutum ba ya ganin Bernina ya wuce haka nan. Amma ta rufe ta bar shi.

Ya zauna a kan benci ya ce ta fahimtar da shi, me ya sa ake wannan rububi a kan tsohon keke. Nan bakinta ya buɗe. Ta ce su sana'arsu ba kyan abu ake dubawa ba, gindinsa ake juyawa a karanta sunan maƙeri. Tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku in Falkirk ce, ɗauka ko da ta yi tsatsa. Rishon gas in Cadac ne, ɗauka. Injin kwaɓa fulawa in tsohon Kenwood ne, rungume shi ka zauna a kai. Baƙin keken Singer kullum da mai nemansa. Amma Bernina ta fi su duka, teloli har daga garin Gweru za su zo su ajiye dala ɗari huɗu ba gardama. Abin da ba shi da suna kuwa, ko yana walƙiya, a bar wa masu sayen ado.

"Wa kuma ya shiga ɗakin?"

"Baba Sufeto, mu ba ma kai junanmu wajen hukuma. Gobe a layi ɗaya za mu tsaya. Kuma ina ruwana? Madam ta yi asarar keke ɗaya, a can 'yarta za ta saya mata goma."

"Ba na Madam ba ne. Ta ba MaZondo. Shi ne sallamarta ta shekara talatin da ɗaya."

NaThando ta ajiye murfin tukunyar da take gogewa. Daga baya ta ce rabin abin da ke cikin rumfar nan labarin MaZondo ne ya kai ta gare shi, kuma matar ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba. Shekarar da mijinta ya kwanta asibiti, da ribar wani gwanjo da MaZondo ta raɗa mata ta saya masa magani.

Ta ce ita ba ta ga kowa da keke ba. Amma ta ga wani abu da ya ba su dariya, yanzu kuma ya daina ba ta dariya. Baba Nkala, mai rumfar kayan ƙarfe, ya sayi mataccen firjin nan. Firjin da ko suna babu a jikinsa. Nkala da ke cewa gara ya koma gida hannu biyu da ya ɗauki abin da ba shi da tambari. Bai juya shi ba, bai ce a jona a wuta a gwada ba, ya fito da shi ɗaure da igiya. Madam ta rubuta dala goma sha biyar, ya zaro sha biyar ya miƙa.

"Mutumin da ya taɓa shafe rabin awa yana neman ragin rabin dala a kan guduma," in ji ta. "Har muka ce masa, Malume, kawunmu, ko tsufa ne ya kama ka? Akwatin gawa ka saya wa kyanwa? Ko murmushi bai yi ba."

Sufeto ya dubi ragogin da ke hamatarsa. Ya tambaye ta ko ɗan gwanjo zai biya kuɗin firji ya bar ragoginsa a baya. Ta ce ko murfin kwalba ba ya bari.

Ya yi mata godiya, kuma ba ta fatar baki ba. Ya ce kwana uku zai yi yana yawo bai gano wannan ba.

Mai a-kori-kurar da ke kwaso wa 'yan gwanjo kaya wani dattijo ne, Velaphi. Sufeto ya same shi a tasha yana cin tuwon masara da kan saniya. Da farko ya ce shi bai san kayan kowa ba, tuƙi kawai yake. Sufeto ya leƙa tayoyin motar, ya ce sun suɗe sosai, ya tambayi takardunta. Take Velaphi ya tuna. Nkala ya ƙi shiga gaba, ya zauna a baya rungume da firjin kamar mai rakiyar mara lafiya, ya hana a kwantar da shi. Kuma ba a rumfa aka sauke ba, a gidan ƙanwarsa ne a unguwar Mzilikazi. Ya ma ƙara masa dala biyu a kan kuɗin mota, abin da bai taɓa yi ba tun da suka san juna.

Ƙarfe huɗu Sufeto ya tsaya a rumfar Nkala. Dogon mutum ne mai furfura, ya jera zarto da guduma da awartaki kowanne a gurbinsa, tsaf kamar kanti.

"Baba Nkala, na ji ka sayi firji."

"Na saya. Laifi ne?"

"Mataccen firji."

"Injinsa nake so."

"Wane kamfani ya ƙera injin?"

Nkala mutum ne da zai faɗa maka maƙerin kowace ƙusa a rumfarsa, amma wannan bai sani ba, don bai duba ba. Ya ce ai ya ma sayar wa wani baƙo daga garin Gwanda.

Sufeto ya ɗora ragogin biyu a kan teburinsa. "Ka manta da waɗannan a bayan ƙyaure. Tashi mu kai wa mai firjin. Na ji yana Mzilikazi."

Firjin yana tsakar gidan ƙanwar, a buɗe, kaji na shiga suna fita. Matar na jin abin da ya kawo Sufeto, ba ta jira takardar bincike ba. Ta shiga ɗaki ta jawo wani ƙunshin bargo daga ƙarƙashin gado ta dire a gabansa. Ta ce wa yayanta shi ne ya ce mata sayen sa ya yi, daga yau kada ya sake ajiye ko allura a gidanta. Sufeto ya kife keken ya karanta lambar da ke gindinsa. Ta yi daidai da ta takardar Misis Dalton.

Lahadi da safe matan biyu suka zo caji ofis, MaZondo da kayan cocinta, Misis Dalton tana dogara sanda. Keken yana kan teburin Sufeto. Nkala yana zaune a benci da ankwa a hannu. Tsohuwar ta nuna wani ɗan tabo a gefen keken, ta ce faɗuwar almakashi ce tun 'yarta tana goye. Aka rubuta bayaninta ta sa hannu.

Nkala bai ƙara musu ba. Ya ce NaThando na fita daga ɗakin shi kuma ya shiga. Ya zare ragogin, ya cusa keken a firji, ya ɗaure da igiyar shanya. Akwatin ne ya ƙi shiga. Shekara ashirin yana bin gidaje, Bernina biyu kawai ya taɓa gani, kuma duk an riga shi. Da ya ji wannan kyauta za a bayar da shi, sai ya ji kamar daga aljihunsa aka zare.

"Ka san na wane ne?"

"Na sani. Ita ta gaya mini da bakinta."

"Yaushe?"

"Da take miƙo mini shayi."

MaZondo ta dube shi. "Murna ce ta ishe ni, Malume, na rasa wanda zan gaya wa. Kai ne a gaban layi."

Ta juya wajen Sufeto ta durƙusa a kan simintin ofis, ta haɗa tafin hannu tana tafawa a hankali, tana kiran sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya yadda ake yi wa mutum babbar godiya a al'adarsu. Gumede ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce ta tashi, aikinsa ne, in godiya ce ta kai wa NaThando a Makokoba. Ya gaya mata za a ɗauki hoton keken saboda kotu, zuwa Talata ta zo ta ɗauki abinta.

Misis Dalton ce ta sunkuya da ƙyar ta kamo hannunta. Ta ce shekara talatin da ɗaya ana yi mata hidima, ba ta taɓa iya yin godiyar da ta kai ba, da ta hau jirgi ba tare da keken nan ya dawo ba, da ba ta sake barci mai daɗi ba. Sai a lokacin MaZondo ta yi hawaye.

Wani kofur ya kama gwiwar hannun Nkala ya wuce da shi bayan kanta.

Alƙali ya ba shi wata tara. Kafin ya fito an ba wani mai facin taya rumfarsa, aka yi gwanjon zartunansa da gudumominsa a bakin titi. Ranar Asabar ta farko bayan sakinsa ya je wani gida da za a yi gwanjo a unguwar Burnside tun asuba ya tsaya a bakin get. 'Yan gwanjo suka zo ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya gaishe shi, suka kafa layinsu a ɗaya gefen. Da mai gida ya fito buɗe get, NaThando ta matsa kusa da mai gidan ta yi masa magana a kunne. Kowa ya shiga ban da Nkala. Haka aka yi masa a gida na biyu, da na uku. Yana da shekara sittin da ɗaya ya bar sana'ar.