Mai Auna Shekarun Taurari

A kasuwar Ƙafin Maiyaƙi Alasan ya fara ganin Turai, cikin 1988, tana taya yayarta sayar da busasshen kifi. Ya ɗauki kifi ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Malam, saye kake ko kallo?" in ji ta.

"Kallo."

Ta ja mayafi ta rufe dariyarta.

Alasan ɗan Bebeji ne, ɗalibin kimiyya a jami'a. Da suka shaƙu, ya kawo mata hoton wani gungun taurari mai naɗi kamar faifai, maƙwabcin wanda duniyarmu ke ciki.

"Turaina, kin ga dushi-dushin nan da suka kewaye shi? Shekarunsu nake son aunawa, ta launinsu da ƙarfin haskensu."

"In ka sani kuma fa, ɗan bokona?"

"Sai a gane yadda gungun ya haɗu."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Malam Mudi masunci, wanda ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinsu, ya ce atafau.

"Mai lissafin taurari ai ɗan duba ne. Ba zan haɗa zuri'a da shi ba."

Kawun Alasan ya je ya yi bayani, a banza. Lado, wani manomin rani mai rufin asiri, ya fito neman ta, ta ƙi fita zance.

Sai Alasan ya sami gurbin karatu a ƙasar waje.

"Kada ki jira ni in abin ya yi tsawo," ya ce.

"Wannan ba kai za ka faɗa mini ba."

Abin kuwa ya yi tsawo. Taurarin sun yi wa madubin hangen nesan da yake aiki da shi dushewa, ya kasa rarrabe su. Ana haka ciwon ido ya kama shi. Ya dawo ba digiri, ido ɗaya ya mutu, ɗayan yana bin sa. Ƙannen Turai duk sun yi aure, ita tana gida.

Malam Mudi, yana kwance ba lafiya, ya kira ta.

"Ya daina duban?"

"Baba, ko hanya da ƙyar yake gani."

Sai ya ce, "To, a ba shi."

Aka ɗaura aure ba wani taro. Da aka kai ta, Alasan ya ce, "Ban gano komai ba, Turai. Me kika jira?"

"Kai."

Innarsa, daga bakin ƙofa, ta share hawaye. "Allah Ya ba ku zaman lafiya, 'ya'yan nan. Kun sha wuya."

Suka ce amin.