Ƙwaya Arba'in da Ɗaya

"Buɗe bakinka in gani!" in ji Mai Ɗinki.

Mijinta Direba ya yi dariya, ya jefa ƙwayar maganinsa a aljihu. "Haba uwargida, sai na hau hanya zan sha. Fasinja na jira."

Shekara tara da aurensu, auren so, bai taɓa yi mata ƙarya ba. Kwanan nan likita ya ce yana da hawan jini, ya rubuta masa ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ƙwayar tana sa fitsari. Shi kuwa bas yake ja, tafiyar awa shida. Kafin ya isa sai ya tsaya sau huɗu, fasinja na ihu: "Direba, tankinka ya huje ne?"

Labari ya kai kunnen yayarsa. Ta zo har ɗakin ɗinki, ta dafa keken.

"Ke! Ƙanena ko ciwon kai ba ya yi. Kin ɗura masa ƙwaya, kin mai da shi abin dariya a tasha. So kike ya yi laushi ki riƙa juya shi kamar sitiyari!"

"Yaya, ai likita ne ya—"

"Rufe min baki!"

Direba na tsaye a bakin ƙofa, bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi zagin ƙona ta. Washegari ne ya fara jefa ƙwayar a aljihu.

Bayan mako guda ta shiga bas ɗin don ta cire rigunan kujeru ta wanke. A aljihun gaban mota ta tarar da ƙwaya bakwai, farare tas. Ta yi kuka, ta share. Ta zuba su a kwalbar maɓallai.

"Wallahi sai na rama," ta ce. "Ran da abin ya kama shi, a cinyar Yaya zan juye su."

Daga ranar ta daina cewa ya buɗe baki. Ta miƙa masa ƙwaya, ya sa a aljihu, ƙarshen mako ta je ta kwashe. Ya ce ƙeyarsa na nauyi, ta ce gajiya ce.

Wata rana da azahar ya yanke jiki ya faɗi a tasha. A asibiti ta same shi, baki ya karkace, hannun hagu ya saki. Dangi sun cika baranda.

"Ga ta nan!" Yaya ta yi kururuwa. "Ƙwayarki ta gama da shi!"

Mai Ɗinki ta zaro kwalbar, ta juye mata a cinya.

"Ƙirga, Yaya! Arba'in da ɗaya. Tun ran da kika zo bai haɗiyi ko ɗaya ba. Ƙirga da ƙarfi kowa ya ji!"

Yaya ta zura wa ƙwayoyin ido. Mai Ɗinki ta ji wani sanyin daɗi ya ratsa ƙirjinta.

Sai wata tsohuwar nas ta duƙa ta tsinci ƙwaya ɗaya.

"Baiwar Allah, sati shida kina tarawa? Da kin zo kin faɗa mana, da an canja masa wadda ba ta sa fitsari. Maganar minti biyar ce."

Sanyin ya gushe.

Wata takwas Mai Ɗinki tana jinyarsa. Ta sa masa ƙwaryar zare a tafi yana matsawa, har yatsun suka dawo. Yaya kan zo da safe ta tsaya da kofin ruwa, kanta a ƙasa. Ba wadda ta sake tayar da zancen.

Ran da ya iya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, ya haɗiye ƙwayar, ya dube ta, ya wangale karkataccen bakinsa tun ba ta tambaya ba.

"Na yi shiru ran da aka zage ki," ya ce. "Ki yafe min."

"Ni ma shirun na yi," ta ce. "Nawa ya fi muni."

Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Wanda magani ya dama, ya koma wurin likita, kada ya ɓoye. Wadda kuma za ta rama zagi, kada ta rama da jikin wanda take so.