Burauzar da Ke Yin Sallama

Ɗan zoben da ke tsakiyar gilashin bango yana ta juyawa, shafin bai buɗe ba. Baba Gwadabe ya zuba masa ido. Yau ne sunan jikarsa a unguwar masu haƙar ma'adinai da ke can duniyar Wata, kuma ɗansa Mudi ya yi alkawarin nuna masa raɗin sunan kai tsaye.

A Birnin Tama na wancan zamani, burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ba ta zama yadda aka sayo ta. Halin mai gida take ɗauka, kamar aku.

Kuluwa mai gyaran na'ura, 'yar maƙwabcinsa, ta shigo da jakarta. Ta share tarkacen da burauzar ta tara, ta rufe tagogin shafukan da aka bari a buɗe, ta duba ƙarfin layi. Komai lafiya lau. Sai ta leƙa abin da burauzar ke faɗa wa manyan na'urorin kan hanya, ta kwashe da dariya.

"Baba, ai gaisuwa take yi! Duk na'urar da ta tarar sai ta yi sallama, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali. Daga nan har Wata!"

"To, da fa? Ta faɗa gidan mutane kamar akuya?"

"Lokaci na tafiya, Baba. In cire?"

Ya dubi zoben nan. "Cire, 'yar nan."

Ta cire. Shafukan duniya suka riƙa buɗewa kafin ƙiftawar ido, amma na Wata ya ƙi. Ashe na'urar da ke tsaron ƙofar can da doguwar gaisuwar nan take gane gidan Gwadabe, ta ba shi hanya. Yanzu baƙo ta gani mai gaggawa, ta tura shi bayan dubban masu gaggawa irinsa.

Kuluwa na gumi ta mayar da gaisuwar. Burauzar ta soma daga farko, ƙofa-ƙofa, har da ban haƙuri.

Da hoton ya fito, an riga an shafa Fatiha, ana rabon dabino. Mudi ya ɗago jaririyar.

"Baba, ina ka shiga? Liman ya jira har ya gaji. Sunan marigayiya Inna aka sa mata."

Kuluwa ta sunkuyar da kai. "Ka yafe ni, Baba."

Tsohon ya share ido da hannun riga, ya gyara zama.

"Mudi, kun kwana lafiya? Ina gajiya? Yaya mai jego?"

Ya bi mutanen ɗakin can da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri.