Hajiyar Kwalba

Ranar da Kalilu ya fara ganin Zulfa, korarsa ta yi.

Ya shigo wurin ginin da ke Akurba da tifa cike da yashi, yana shirin juyewa, sai wata doguwar budurwa mai hular kwano a kan hijabi ta ɗaga masa hannu. Ta ɗebi yashin ta zuba a kwalbar ruwa, ta girgiza, ta ajiye a kan bulo. Da ya lafa, laka ta kwanta a samansa, kaurin yatsa biyu.

"Koma da shi," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

A nan sauran direbobi suke fara rantse-rantse. Shi kuwa bawan Allah cewa ya yi, "To, ranki ya daɗe," ya juya. Bayan la'asar ya dawo da wani yashin, tas da shi.

Zulfa ce ke tsara komai a kamfanin mahaifinta, Alhaji Mele: yaushe siminti zai iso, rodi nawa za a yanka, lebura nawa za a kira. Da can aikin yayanta Munir ne, kafin katangar da aka gina da yashi mai laka ta faɗo masa ya rasu, shekara biyu ke nan. Tun ranar Zulfa ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ko abinci, turawa kawai take yi.

Shi dai Kalilu ya riga ya kamu. Saƙonninsa suka fara shigowa wayarta.

"Hajiyar Kwalba, barka da hantsi. Yau ma na ci jarrabawa?"

"Tifa biyu gobe, ƙarfe bakwai," ta mayar masa.

"An gama. Ni ma ki girgiza ni yadda kike so, wallahi ba za ki ga laka ba. Ina son ki, Zulfa."

Ta karanta, ba ta ji komai ba. Amma fa ba ta goge ba.

Washegari ta tare shi a gefen tifa. "Ba ƙin ka nake yi ba, Kalilu. Wurin da ake jin abu ne ya mutu a jikina."

"Zan jira, Hajiyata. Dekin bene ma, in an zuba kankare, sai ya yi sati uku kafin a cire masa katako."

Bayan wata shida ya tura kawunnansa gidansu Zulfa a unguwar Bukan Sidi neman aurenta. Alhaji Mele bai bari sun gama magana ba.

"Mai yashi ne ya yi sanadin ɗana. Ba zan ba mai yashi 'yata ba."

Dama akwai Jafaru, ɗan amininsa mai sayar da siminti da rodi, wanda ya daɗe yana kewaye gidan saboda Zulfa. Alhaji ya ce da an zuba dekin nan, ta sallami Kalilu, Jafaru zai riƙa kawo komai.

"To, Baba," in ji Zulfa. Ta koma ɗaki ta ci gaba da tsara aikin gobe.

Kwana biyu aka yi ana ruwa kafin ranar zuba dekin. Ƙarfe bakwai ta yi, ba Kalilu. Tara ta yi, wayarsa a kashe. Ta ce a ranta, ya yi zuciya ke nan. Ba ta ga laifinsa ba, ba ta kuma ji zafi ba.

Lebura arba'in na tsaye da kwanoni a hannu, injin kwaɓa kankare na ta ruri. Aper, shugaban leburorin, ya matso da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

"Madam, ka yi magana mana. Rana ya yi nisa."

Kafin ta amsa Jafaru ya buga waya, cikin awa guda sai ga tifa biyu cike da yashi. Ya tsaya kusa da Alhaji yana gyara hula.

"Ku fara zubawa," in ji Alhaji.

Zulfa ta ɗauko kwalbarta ta girgiza. Kai! Laka yatsa uku.

"Baba, duba."

"Ke, mutum arba'in suna jira, ga hadari yana haɗowa."

"Haka aka ce ranar Yaya Munir."

Alhaji ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan ya ce Aper ya kashe inji. Jafaru ya sulale, ko sallama babu.

Ana kiran azahar sai ga Kalilu a bayan ɗan acaɓa, taɓo har gwiwa, ba tifa, sai kwalba a hannu. Ya durƙusa a gaban Alhaji.

"Alhaji, ruwa ya ɓata yashin rafi. Wuri uku na je, har bayan Agyaragu, duk haka yake, wayata ma a can ta faɗa ruwa. Na san ba ka so na, yau kuma na ƙara maka dalili. Amma ba zan kawo wannan a zuba a kan mutane ba."

Alhaji Mele ya riƙe kwalaben biyu yana dubawa. Can ya ce, "Tashi, ɗana. Ka ce wa kawunnanka su dawo."

Zulfa ta zauna a kan buhun siminti, wani abu ya tsinke mata a ƙirji, sai kuka. Kukan Munir ne na shekara biyu, da tsoron da ashe ta ji tun safe cewa Kalilu ya tafi.

"Madam yana kuka!" in ji Aper, shi ma yana share ido da hula.

Bayan sati aka zuba dekin da yashin Kalilu. Bayan wata uku aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Mele, leburorin nan arba'in kowa da sabon ɗinki. Alhaji da kansa ya yi addu'a: Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya jiƙan Munir. Jama'a suka amsa da amin.

Ana shafa fatiha wayar amarya ta yi ƙara.

"Hajiyar Kwalba, na ci jarrabawa?"

Ta yi dariya har ƙawayenta suka juyo. Ta rubuta: "Ka ci, angona. Kuma yau na ji."