Giginyar da Badaru Ya Sare

Da la'asar sakaliya na nufi fadamar bayan garinmu, a ƙasar Bukkuyum, da reza da 'yar kwalba a jaka. Ganye ɗaya tak nake so. A jami'a ina binciken ƙwayoyin halittar manta-uwa, furen nan dangin okid da ke maƙalewa a wuyan giginya. Na karaɗe Anka da Gummi ban sami ko tushe ɗaya ba, sai a giginyarmu.

Na tarar da ita kwance.

Aikin yayana ne, Badaru. Ya sa an sare ta don a tokare ramin zinare da azararta. Inna ta roƙe shi har da hawaye, domin da furen nan ta yaye mu duka: a yanki kara ɗaya a jiƙa wa yaro ya sha ya daina kukan nono, a zuba madara a gindin giginyar, a bar saura. Shi ne ɗan lelenta, shi ne kuma ya yi mata dariya ya ce canfin tsofaffi ne. Wallahi da yana wurin da na shaƙe shi.

Na durƙusa a kan gangar jikin giginyar ina zaginsa, ina ɓamɓaro furen da saiwarsa, ko zai rayu a lambun jami'a. Warin man injin da aka sare ta da shi bai gama bajewa ba. Rana ta faɗi ban lura ba.

Kwaɗin fadama suka yi tsit.

Sai ƙamshin furen ya taso, mai nauyi, haɗe da ƙarnin nono. Ganyen giginyar da ke yashe a ƙasa ya fara kaɗawa, alhali babu iska.

A kan kututturen wata mata ce zaune, ta ba ni baya. Tana jijjiga zanen goyo, tana bubbuga shi a hankali. Babu kowa a cikin zanen.

"Wa yas sare min ɗaki?" Muryar a cikin kunnena ta fito.

"Ba ni ta ba," na ce da raɗa.

"Ɗiyana sun watse. Na yi kira, ba su gane ni ba."

Na nemi Ayatul Kursiyyu, harshena ya ƙi juyawa.

Ban ga tasowarta ba. Numfashi kawai na ji a wuyana, mai sanyi, tana shinshina ni.

"Nono guda kunka sha da mai sara."

Furen ya yi zafi a hannuna kamar garwashi. Na ajiye shi a kan gangar.

"Ke kin aje. Shi bai bar komi ba."

Na zura da gudu. Ƙaya ta tsinke min takalmi, ban tsaya ba. Har na ji kiran sallar magariba daga gari, bubbugar goyon nan tana bayana.

Na kwana biyu ina zazzaɓi, na warke. Da na koma da rana tare da mutane, babu furen, babu ko saiwa. Binciken nawa ya mutu a nan, amma ba shi ke cin raina ba.

Badaru lafiyarsa lau. Yana cin tuwo, yana zuwa rami, ya san ni, ya san matarsa Fatsuma, har sunan awakin maƙwabta bai manta ba. An yi ruƙiyya, an kai shi asibiti a Gusau, ba a ga komai ba. Shi ya yi ɓarna, amma ko ciwon kai bai yi ba, kuma wannan ne ke sa ni in ji kamar in fashe.

Inna ce ke dama fura kullum da hantsi, ta kai masa zaure da kanta, ta zauna tana kallon fuskarsa. Yakan karɓa da ladabi, ya sha, ya yi godiya. Sannan ya juyo gare ni ya rage murya.

"Zinatu, tsohuwag ga, wa taka biɗa gidanmu?"